Mayar da wajen wanki saman bene: abin da ya kamata a duba kafin a fasa bango

A gidan bene, galibin kayan datti daga sama suke fitowa, tunda can ɗakunan kwana suke. Shi ya sa masu gida ke sha'awar hawar da injin wanki sama, a huta da hawa da sauka da kwando. Dabara ce mai kyau, amma nasararta ta rataya a kan ruwa: yadda zai shiga injin da ƙarfi, da yadda zai sauka ba tare da ya jiƙa silin ɗin falo ba.

Wurin da ya fi dacewa shi ne jikin bangon banɗakin sama, domin akwai fayif ɗin ruwa da na magudana a kusa. Duk mita ɗaya da aka ƙara nisa, ƙarin fasa ne da ƙarin mahaɗar da wata rana za ta iya yoyo. A guji bangon da gado yake jingine da shi, domin injin mai ƙofa a gaba yana juyawa sau 1,000 zuwa 1,400 a minti lokacin matsa, kuma kankare na ɗaukar ƙara.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarfin ruwa. Yawancin gidajenmu daga tankin sama suke sha, kuma ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowane mita 10 na tsayi yana ba da kusan "bar" 1 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Injina da yawa masu sarrafa kansu suna buƙatar aƙalla rabin bar, wato tazarar mita 5 tsakanin ruwan tanki da bakin injin, wasu ma bar 1 cur. A ƙasa ana iya samun wannan tazarar. Da an hau sama an yi asarar kusan mita 3, sai ka ga injin yana ɗaukar lokaci kafin ya cika, ko ya tsaya yana nuna alamar babu ruwa alhali tanki cike yake. A nan ne ake ɗora wa injin laifi, a kira mai gyara a banza. Maganin shi ne ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa mai tashi da kansa idan an buɗe, a ɗaura shi a layin da ke zuwa injin. Ɗaga ƙarfen tanki ma hanya ce, sai dai ta fi tsada. Injin mai baho biyu da ake cika wa ruwa da hannu ba ruwansa da wannan matsala, amma shi kuma da nauyin ruwa yake zubarwa, don haka dole magudanarsa ta kasance a daɓe.

Fitar ruwa kuwa, a sa fayif mai inci 2 a tsaye, bakinsa ya kai santimita 60 zuwa 90 daga daɓe, da lanƙwasa mai riƙe ruwa a gindinsa don kada warin sokawe ya dawo ɗaki. Tiyon injin ya shiga kamar santimita 15 kawai, kuma kada a toshe gefensa da sumunti ko leda. Idan bakin ya yi ƙasa da yawa, ko aka cusa tiyo har ya nutse a ruwa, injin zai riƙa zuƙe ruwan da yake ɗiba yana zubarwa. Fayif ɗin da ke kwance ya samu gangara ta santimita 2 a kowane mita. In babu, zare da dattin sabulu za su taru su toshe shi.

Wajen ratsa kankaren bene, kada a bar lebura da guduma da cizil. Ana huda shi da injin huda mai zagaye, bayan injiniya ya nuna inda ba za a yanke rodi ba, kuma bim, wato dogon kankaren da ke ɗauke da bene, ba a taɓa shi sam. Sau da yawa ma gara a fitar da fayif ta bangon waje ya sauka a jikin gini.

Daɓen wurin a ɗauke shi tamkar banɗaki. A shafa maganin hana ruwa ratsawa kafin tayil, a haura da shi jikin bango kamar santimita 15, a yi gangara zuwa magudanar ƙasa, a ɗan ɗaga dokin ƙofa. Kafin a manna tayil, a toshe magudanar, a zuba ruwa ya kwanta santimita 2 ko 3, a bar shi kwana biyu ana leƙa silin ɗin ƙasa. Masu aiki ba sa son wannan jira, amma gara a ga danshin yanzu da bayan an yi fenti. Tiyon shigar ruwa a sayi mai saƙar ƙarfe a jiki, a canza shi duk shekara 5, a kuma sa famfon rufewa inda hannu zai kai ba sai an ja injin ba.

Wuta: soket ɗinsa shi kaɗai mai amfiya 13, waya mai kauri murabba'in milimita 2.5, wayar ƙasa ("earth") mai aiki, da bireka mai katsewa idan wuta ta zurara, mai miliamfiya 30. Soket ya zauna sama da famfo, a gefe. Abin ɗumama ruwa na cikin injin yana jan kusan wat 2,000, don haka a kan ƙaramin janareta ko inbata a yi wanki da ruwan sanyi.

Ranar hawarwa, a mayar da notuna uku ko huɗu da injin ya zo da su, masu riƙe gangar da ake zuba kaya a ciki ta baya, domin nauyinsa ya kai kilo 60 zuwa 80 kuma jijjigar matakala na lalata abin da ke riƙe da gangar. Idan an ajiye, a cire su kafin a kunna, a daidaita ƙafafu huɗun da ma'aunin magina, a ɗaure notin kowace ƙafa. Wankin farko a yi shi babu kaya, mutum ɗaya a sama yana duba mahaɗai, ɗaya a ƙasa yana kallon silin.