Gajeren dashe nake sayarwa

A nan Kasala ta ƙasar Sudan, da zarar kogin Gash ya janye a ƙarshen damina, masu lambu sai su fara zarya ƙofata. Kowa na son dashen tumatir ya shiga ƙasa kafin sanyi ya kankama. Ni kuwa tun watan Satumba na riga na zuba iri a mashtal ɗina, wato wurin renon dashe, ɗaki ne guda a bayan gida, rufin leda mai shigar haske, tagogi duk a toshe da raga mai ƙananan ido.

Saboda farin ƙuda na sa ragar. Shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya koma rawaya, kuma in ta kama shuka tun tana jaririya, an gama, sai dai a tuge. Wanda ya rena iri a fili yakan kai cutar gonarsa da hannunsa bai sani ba.

Ƙasar reno lakar Gash ce da yashi da tsohon takin awaki. Nakan jiƙa ta, in lulluɓe da leda, ta sha rana makonni kafin ta shiga farantin reno mai ƙananan ramuka. Ƙwaya ɗaya rami ɗaya, zurfin bai wuce santimita 1 ba. Tumatir kan tsiro cikin mako guda, barkono kuwa sai ya ja maka rai.

Ruwa ne ya taɓa karya ni. Wata shekara na yi tafiya Gadarif, na bar wa ɗan ƙanwata. Safe da yamma yake ta ambaliya. Na dawo na tarar da faranti a kwance, kowace shuka ta ruɓe daidai wuya, siririya kamar zare. "Kawu, ai gani na yi zafi ya yi yawa," in ji shi. Yanzu shi ke ɗaga faranti ya ji nauyinsa kafin ya taɓa buta.

Masu saye kuma dogo suke nema. Dogon nan haske ya rasa ya miƙe, rana ɗaya a fili ta kwantar da shi. Nawa gajere ne, kara mai kauri, ganye 4 ko 5, saiwa fara ta kama ƙasarta tam. Kullum nakan shafa kawunansu da tafin hannu don karan ya yi ƙwari. Mako na ƙarshe in rage ruwa, in riƙa fitar da su inuwar darbejiya. A mako na biyar ake zuwa ɗauka, bayan la'asar, don a dasa da sanyin yamma.