Siraran layukan da ke gilashin baya

Shekara shida na yi ina tuƙa wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam a Kano, ban taɓa tambayar kowa amfanin siraran layukan nan masu launin jar ƙasa da ke kwance a gilashin baya ba. Wasu na cewa eriyar rediyo ce, wasu na cewa ado ne. Akwai kuma wani madanni kusa da na iyakwandishan, shi ma hannuna bai taɓa kaiwa kansa ba. A garin da ko a tsakiyar hunturu rana kan gasa mota kafin hantsi, me zai kai ka wurin?

Sai da na zo Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, na san aikinsu. Mun sauka da iyalina a watan Agustan 2022, gari lumus, ana yawo da riga ɗaya. Na samu aiki a wani sito da ke bayan gari, aikin da ake shiga ƙarfe 6 na safe, don haka dole na sayi mota ta hannu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wayar lantarki da ke leƙowa ta gaban kowace mota kamar wutsiya. Aka ce min ta ɗumama inji ce, ana jona ta da soket da dare, in ba haka ba man inji ya yi kauri mota ta ƙi tashi. Na riƙe wannan, na sayi tayoyin sanyi, na ɗauka na gama shiri.

A watan Disamba rana ba ta fitowa a nan sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin 5 na yamma ta faɗi. Wata asuba sanyi ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili. Na kankare gilashin gaba, na shiga, na danna madannin nan da wani abokin aiki ya nuna min, ya ce shi ke ɗumama layukan gilashin baya da madubai don ƙanƙara ta narke. 'Yar fitilarsa ta kama. Na jira minti goma, gilashin baya yana nan fari fat, madubin gefe biyu kuwa ƙanƙara ta like su. Abin da ban sani ba sai a lokacin shi ne, farin da ke gilashin baya daga ciki yake: numfashinmu ne da danshin takalma ke daskarewa a jikinsa. Lokaci na ƙurewa, sai na zaro wani kati daga aljihu na kankare tsakiyar gilashin ta ciki da ƙarfi, na kama hanya.

A kan titin Pembina na zo sauya layi, na duba madubi ban ga komai ba sai haske a dusashe. Wata babbar mota ta danna min hon, ta wuce ta gefena da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Na gangara gefen titi na tsaya, hannuna na rawa, ina ta maimaita innalillahi. Yarana biyu ne suka faɗo min a rai, da cewa ba mu da kowa a ƙasar nan da zai riƙe su.

A gida da tuni na kira mai wayarin ɗina, ya zo da 'yar fitilar gwajinsa, mu yi ciniki a tsaye. A nan gareji sai ka nemi rana, kuma kuɗin aikin awa ɗaya ya haura dala 100 kafin a taɓa kaya. Ranar Juma'a, bayan an sallame a babban masallacin da ke titin Waverley, na ji wani dattijo yana waya da Hausa irin ta zangon Kumasi. Na tsaya har ya gama, na gaishe shi. Ashe ya fi shekara ashirin a garin, kuma tsohon bakanike ne. Da ya ji labarina sai ya ce, "Ɗana, kada ka sake hawa titi da motar nan a haka. Kawo ta gidana gobe."

A garejinsa mai ɗumi ya fara da tambaya, bai taɓa ko sifana ba. "Madubi da gilashi tare suka mutu, ko ɗaya ya riga ɗaya?" Na ce tare na same su, Baba. Ya ce to kada mu ɓata lokaci a kan madubi, tunda madanni ɗaya ke kunna su, abin da ya haɗa su za mu nema. Ya bayyana min cewa madannin ba ya ɗaukar wutar da kansa, domin layukan suna jan wuta mai yawa. Aikinsa kawai ya tada wani ɗan akwati da ake kira rile, shi kuma ya haɗa wutar batir da gilashin da madubai, bayan kamar minti 10 zuwa 15 ta yanke da kanta. Shi ya sa fitilar madanni za ta iya kamawa alhali babu abin da ya isa baya.

Muka buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet. Babban fiyus na gilashi lafiya lau, ƙaramin na madubai ma haka. Ya sa na ɗora yatsa a kan rilen, ya danna madanni. Na ji ya yi ƙas, amma mitar awon wuta ta nuna babu wuta a bakin fita: bakin ƙarfen da ke ciki ya ƙone. Ya zare rilen hon, wanda lambarsu ɗaya, ya sa a gurbinsa. Ba a yi minti uku ba na taɓa madubi na ji ɗumi a tafin hannuna. Ban san ɗumin gilashi zai iya sa mutum ya ji ƙwalla ba sai ranar.

Sai dai da muka fitar da motar waje don gwaji, sama da ƙasan gilashin baya suka washe, tsakiya ta rage fari. Baba ya haska da tocila ya ga sawun katina. Bai yi min faɗa ba. Ya ce layukan ba waya ba ce a cikin gilashi, fenti ne mai haɗe da azurfa da aka shimfiɗa a fuskarsa ta ciki, ƙaramin karce ya isa ya yanke su. Ya naɗe bakin mitar da takardar alminiyam don kada ya ƙara wani karcen, ya koya min awon: wuta na shiga ta gefe ɗaya da bolt 12, tana raguwa har ta kai sifili a ɗaya gefen, saboda haka layi mai lafiya zai nuna wajen 6 a tsakiyarsa. In ka ga 12 ko sifili, layin ya yanke, sai ka ja mitar a hankali har inda lambar ta yi tsalle. Da hannuna na gano wurare huɗu. Muka goge su da sifirit, muka manna salatif sama da ƙasa, muka shafa fentin gyara da ɗan burushi. Fentin ba ya bushewa da kyau a sanyi, don haka motar ta kwana biyu a garejinsa, shi kuma ya ajiye tasa a waje cikin ƙanƙara.

Rile da fenti duka ba su kai dala 50 ba. Na miƙa masa kuɗin aiki, ya ture hannuna, ya ce in dai ina son biyansa to in kawo masa jikokinsa su gaishe shi, kuma matata ta yi masa miyar kuka, rabonsa da ita tun rasuwar maiɗakinsa. Ranar Lahadin mako na gaba muka je da kwanon tuwo a naɗe cikin bargo don kada ya huce a hanya. Ƙaramar 'yata na kujerar baya, ta juya tana kallon ƙanƙarar na narkewa layi bayan layi, tana ƙirga su da ƙarfi har ta kai sha huɗu.