Famfon ruwa, kwayil da tsohuwar Sienna

Sienna tawa ƙirar 2005 ce, mai silinda shida, injin lita 3.3 da Toyota ke kira 3MZ-FE. Da ita nake kai iyali Jega da Birnin Kebbi. Motar da ta kai shekara 20 ba ta rasa abin da take nema, kuma duk shagon kayan gyara da ka shiga a Sakkwato iri uku za a jera maka: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, sai sabo na kamfanonin da ba su suka ƙera motar ba. Na ukun nan ya fi araha, shi na fi saye.

Ba duka ne marasa kyau ba. Famfon ruwan da motar ta zo da shi ma, mai zagaya ruwan sanyaya inji, kamfanin Aisin ne suka yi wa Toyota, kwayil kuma, mai ba fulogi wuta, na kamfanin Denso ne. In ka samu nasu na gaske a kwalinsu, ka samu na asali da sauƙin kuɗi. Matsalar ita ce jabu, kuma jabu ya fi son shiga kwali mai jan rubutun Toyota.

A wannan injin, famfon ruwa yana ɓoye ne a bayan murfin bel ɗin taimin, bel ɗin ne ma ke juya shi. Kafin hannu ya kai gare shi sai an cire tayar gaba ta dama, an kwance mazaunin inji na gefen, an zare fulin ƙasa. Aikin wuni ne. Shi ya sa ake canza su tare, wajen kowace mil 90,000, kusan kilomita 145,000 ke nan. Da lokacin ya yi na sayi bel mai kyau, famfo kuma na ɗauki mai rahusa. Ya yi aiki lafiya duk tsawon hunturu. Sai ga watan Afrilu, zafin garin nan ya haura digiri 40, na cika mota da mutane, ga na'urar sanyi a kunne. Muna wuce Tambuwal allurar zafin inji ta fara hawa. Na sauka gefen hanya na kashe inji nan take, domin kan injin nan na alminiyam ne, in ya tafasa sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Da bakanikena ya buɗe, ya juya famfon a hannu yana kakare, ruwa na tsiyaya ta ƙaramin ramin da ke ƙasansa. Ya ce, "Alhaji, wanga famfo ba nasu ba na, kwalin kaɗai anka kwaikwaya." Ruwan ya jiƙa sabon bel ɗin, shi ma dole a jefar. Na sake biyan kuɗin aiki, na sake sayen bel, na sayi famfon da na guje wa tun farko. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a nan ba adon ne damuwata ba, kuɗin kwancewa ne.

Haka kwayil yake. Injin a kwance yake, silinda uku na gaba a fili, uku na baya a ƙarƙashin bututun shan iska. Na gaba, ko yaron gareji zai canza maka kana tsaye. Na baya sai an ɗaga bututun gaba ɗaya. Don haka yanzu in kwayil na gaba ya mutu ban damu in gwada mai sauƙin kuɗi ba, amma baya sai na asali, fulogi ma haka. Kwayil mai rauni kuma ba rawar inji kaɗai yake jawowa ba, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya cinye katalis, abin da ke tace hayaƙi.

Na Beljiyam ina sayensa in ƙarfe ne, kamar altaneta ko kikstata. Roba kuwa, bel ko tiyo ko sil, shekarunta ɗaya da wadda nake cirewa, zafinmu ba zai bar ta ta daɗe ba.

In zan shago yanzu, da tsohon abin nake zuwa, da lambarsa, a ɗora su gefe da gefe a duba nauyi da tsabtar zubi. Jabu yakan fi sakayau, rubutun jikinsa kuma dishi-dishi. Inda har yau muke jayayya da bakanikena shi ne tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi: shi yana so a cire a haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa yawancin motocin haya a nan. Ni na ƙi, domin injin da bai kai zafinsa ba da sanyin asuba, kwamfutarsa ƙarin fetur take ta zuba masa. Na sa sabo na asali, yana ta gunaguni yana ɗaurewa.