Wasiƙa daga Buffalo: shekara 14 ana kiwo, maƙwabta na shan nono

Buffalo, Jihar New York
Yuli 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Muna gaishe ku, da fatan damina ta sauka lafiya. Mun san galibinku ƙwallon ƙafa kuke bi, kuma idan ana maganar magoya baya da suka sha baƙin ciki a hannun shugabannin kulob, kowa na da ƙungiyar da zai nuna. To ga wata daga nan gefen tafkin Erie, a wasan da ba a yi a gida, wato hokin ƙanƙara. Sunanta Buffalo Sabres. An kafa ta a 1970, ba ta taɓa ɗaukar kofin Stanley, kofin zakarun gasar, ba, kuma bayan 2011 har zuwa kakar 2024-25 ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba. Kaka 14 ke nan a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada.

Kafin ku ce ai wasu sun fi haka daɗewa ba su ci kofi ba, ku lura ba kofin ake magana ba. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, a kakar 2024-25 kowace ta buga wasa 82, sannan 16 suka wuce zagayen neman kofi. Rabi cur. Akwai kuma iyakar albashi da ta hau kan kowa, dala miliyan 88 a kakar 2024-25, don haka mai kuɗi ba zai saye duk gwanaye ba. Sannan duk shekara ana rabon matasa 'yan shekara 18 a zagaye bakwai, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓa. An tsara komai ne don wanda ya faɗi ya tashi cikin shekara huɗu ko biyar. A irin wannan tsari, sai an dage da kuskure kafin a yi shekara 14 a waje.

Babu kuma faɗawa ƙaramin rukuni. Da Kano Pillars ta faɗi a 2022 kowa ya ji a jikinsa, dole aka tashi tsaye, aka dawo. Nan ko ka zo na ƙarshe, baɗi kana nan, har da tukwicin zaɓen farko. Wannan ne ya buɗe ƙofar abin da Sabres ta yi.

Terry Pegula, attajirin da ya yi arzikinsa a haƙar iskar gas, ya sayi ƙungiyar a Fabrairun 2011, ya tsaya gaban jama'a ya ce daga ranar ba ta da wani dalilin wanzuwa sai ɗaukar kofin Stanley. Aka fara da watsa kuɗi. An ba Ville Leino kwantiragin shekara shida kan dala miliyan 27. A kakar 2013-14 ya buga wasa 58 bai ci ko ƙwallo ɗaya ba. Da hakan bai yi ba sai aka juya ɗaya gefen gaba ɗaya: a rushe gidan, a sayar da duk wani ƙwararre, a yi ta faɗuwa da gangan har a samu zaɓen farko a 2015, shekarar da Connor McDavid, matashin gwanin da kowa ke hari, zai fito.

An faɗi kuwa. Maki 52 a kaka ɗaya, 54 a ta biye, na ƙarshe duka biyun. A Maris 2015 Arizona Coyotes, wadda ita ma ke kokawar zama ta ƙarshe, ta zo Buffalo. Wasa ya kai ƙarin lokaci, Arizona ta jefa ƙwallon nasara, sai 'yan kallon gida suka ɓarke da sowa, 'yan wasansu na kan ƙanƙara suna ji. Da aka zo jefa ƙuri'ar zaɓen farko, ta faɗa wa Edmonton. McDavid ya tafi can, Buffalo ta ɗauki Jack Eichel a matsayi na biyu, kamar yadda ta ɗauki Sam Reinhart na biyu a 2014.

Eichel gwani ne, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce gidan da aka kawo shi. A hoki ana sa 'yan wasa 18 da masu tsaron raga biyu a kowane wasa. 'Yan gaba layi huɗu ne na mutum uku-uku, 'yan baya bibbiyu sau uku, kuma kowane layi daƙiƙa 40 zuwa 50 yake yi a kan ƙanƙara ya fita wani ya shigo. Koci mai hankali yana amfani da wannan ya kāre yaro: ya sa shi a layi na uku, ya riƙa fitar da shi lokacin da abokan hamayya suka sako raunanansu, ya fara masa wasa daga gefen ragar abokan gaba, ya haɗa shi da tsohon hannu da zai rufe masa kuskure. Minti 12 ko 13 a dare ya ishe shi koyo. Amma duk wannan sai in akwai manyan da za su ɗauki minti 20 masu wuya. Buffalo ta riga ta sayar da su. Sai yaro ɗan shekara 19 ya wayi gari shi ne ke tare gwanayen duniya, a ci shi yau a ci shi gobe, har faɗuwa ta zame masa jiki.

Dubi Casey Mittelstadt. An ɗauke shi na takwas a 2017, ya yi shekara ɗaya tak a Jami'ar Minnesota. A Yulin 2018 aka sayar da Ryan O'Reilly, ɗan tsakiyar da ke ɗauke da aikin wahala, zuwa St. Louis, bayan ya fito fili ya ce yawan faɗuwa ya sa ƙaunar wasan na fita masa. Gurbin da ya bari aka tura wa Mittelstadt. Ya yi wasa 77 ya tashi da maki 25, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. Sai a Disambar 2019, bayan an riga an karya masa gwiwa, aka mayar da shi Rochester, ƙaramar ƙungiyar da Sabres ke renon 'yan wasanta a gasar AHL, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota. Can ya kamata ya fara. Ya farfaɗo daga baya, ya yi maki 59 a 2022-23, sai aka musanya shi da Bowen Byram na Colorado a Maris 2024. O'Reilly kuwa, shekara ɗaya da barinsa ya ɗaga kofi da St. Louis, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen neman kofin.

A waɗannan shekarun akwai wata ƙa'ida da ke ƙara dagula lissafi. Yaron da aka ɗauko daga gasar matasa ta Kanada, in bai kai shekara 20 ba, ba a yarda a kai shi AHL ba: ko ya zauna a babbar ƙungiya, ko ya koma cikin yara. Kuma da zarar ya buga wasa na goma a NHL, shekara ɗaya daga kwantiraginsa na farko mai araha, wanda shekara uku ne, ta ƙone. Shi ya sa ƙungiyoyi ke gwada yaro wasa tara su yanke shawara. Mikhail Grigorenko, wanda aka ɗauka na 12 a 2012, an riƙe shi wasa 25, ƙwallo ɗaya ya ci, yawancin lokaci yana benci, sannan aka mayar da shi ƙungiyarsa ta matasa a Quebec. Shekara ta ƙone, yaro bai ƙaru da komai ba. Kaka ta gaba aka maimaita kusan haka.

Mai tsaron raga ya fi kowa buƙatar haƙuri, don galibinsu sai sun doshi shekara 25 suke nuna. Linus Ullmark Buffalo ce ta rene shi shekara da shekaru, da ya nuna sai ya tafi Boston a 2021 kwantiraginsa ya ƙare, ba a samu ko sisi a kansa ba. A 2023 shi ne gwarzon masu tsaron raga na gasar. Devon Levi kuma, daga jami'a ya buga wasa bakwai masu kyau a ƙarshen kakar 2022-23, sai aka buɗe kaka ta gaba da shi a raga yana ɗan shekara 21. Kafin Nuwamba ta ƙare an tura shi Rochester.

Sai yawan canjin hannu. Tun da aka kori Lindy Ruff a 2013, koci shida suka zo suka tafi: Rolston, Nolan, Bylsma, Housley, Krueger, Granato. A 2024 aka zagayo aka sake ɗauko Ruff ɗin. Manyan manajoji huɗu: Regier, Murray, Botterill, Adams. Kowane koci da tsarinsa. Wani ya ce ɗan baya ya ɗauki faifai, wato ƙwallon hoki, ya ruga gaba, wani ya ce kul, ya tsaya a bayansa. Rasmus Dahlin, zaɓen farko na 2018, ya yi wasa a ƙarƙashin koci uku a kakarsa uku na farko. Masu bin Firimiya za su tuna Ralph Krueger, shi ne shugaban Southampton daga 2014 zuwa 2019, daga can aka kawo shi. A hannunsa Jeff Skinner, wanda aka ba dala miliyan 72 na shekara takwas bayan ya ci ƙwallo 40, ya koma layi na huɗu, har a wasu wasannin ba a sa shi ba sam. Ƙwallo 14 ya ci, sannan bakwai. A 2021 ƙungiyar ta yi wasa 18 a jere ba nasara, a tsakiyar su aka sallami Krueger. Kowane sabon manaja kuma yakan zo ya tarar da yaran da ba shi ya zaɓo ba, ba ya jin ciwonsu. A Yunin 2020 ma, rana ɗaya aka kori sama da mutum 20 daga ofishin wasa, yawancinsu masu yawon gano matasa, har da kocin Rochester. Kujerar manaja aka ba Kevyn Adams, tsohon ɗan wasa da ke aiki a ɓangaren kasuwancin ƙungiyar, ba tare da an nemi wani daga waje ba.

Rigimar Eichel ta fi kowacce ɗaci. A Maris 2021 ya ji rauni a wuya, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya goce. Shi yana son a sa masa faifan roba da ƙarfe a gurbin, ƙungiya ta ce ba a taɓa yi wa ɗan wasan NHL irin wannan tiyata ba, ita ta fi son a haɗe ƙasusuwan biyu. Bisa yarjejeniyar 'yan wasa da gasar, ƙungiya ce ke da ta cewa. Wata takwas ana ja-in-ja, aka tuɓe masa kyaftin, a Nuwamba aka sayar da shi ga Vegas. Vegas ta bar shi ya yi tiyatar da yake so. A 2023 ya ɗaga kofi, shi ne kan gaba a maki a zagayen. Reinhart, da aka sayar wa Florida a 2021, ya ci ƙwallo 57 a 2023-24, shi ya jefa wadda ta ba su kofi a wasa na bakwai, a 2025 kuma suka sake ɗauka, ya ci huɗu a wasan ƙarshe. Brandon Montour, Evan Rodrigues da Kyle Okposo duk sun ɗaga kofin 2024 da Florida, duk tsoffin Buffalo ne. Mutanen gari kan zauna a watan Yuni suna ƙirga nasu a talabijin cikin rigunan wasu.

Gaskiya dai ba kowane yaro aka ɓata ba. Tage Thompson, wanda ya zo cikin cinikin O'Reilly, ya yi shekaru ana masa kallon asara: dogo ne, kusan mita biyu, an ajiye shi a gefe inda bango ke takure shi, ƙwallo bakwai a wasa 65. A 2021 Don Granato ya mayar da shi tsakiya, inda yake da fili ya miƙa doguwar sandarsa. Ya ci 38, sannan 47. Abin da ke ƙona ran masu kallo shi ne wannan ya nuna ana iyawa. A kakar 2022-23 ƙungiyar ta yi maki 91, Florida ta shige da 92 ta tafi har wasan ƙarshe. Maki ɗaya. Kowa ya ce lokaci ya yi da za a ƙaro ƙwararru biyu ko uku a tallafi yaran. Aka bar miliyoyin daloli a ƙarƙashin iyakar albashi ba a taɓa ba, aka ce yaran za su girma da kansu. Maki ya sauka 84, sannan 79.

A Disambar 2024, ana tsakiyar wasa 13 a jere ba nasara, 'yan jarida suka tambayi Adams me ya sa manyan 'yan wasa ba sa zuwa. Ya ce Buffalo ba ta da bishiyoyin kwakwa, kuma akwai haraji a New York. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: Florida da Nevada da Texas ba sa karɓar harajin jiha a kan albashi, kuma ƙwararrun 'yan wasa kan rubuta a kwantiragi garuruwan da ba su yarda a sayar da su can ba. Amma Winnipeg ta fi Buffalo sanyi, ita ce ta fi kowa maki a kakar 2024-25. Edmonton ta je wasan ƙarshe sau biyu a jere. Bayan maganar, 'yan kallo suka fara shigowa filin KeyBank Center da bishiyoyin kwakwa na roba, irin waɗanda ake hurawa da baki, suna ɗagawa suna kiran a kori manaja.

Abin da ke hannunsu ke nan: ihu, buga waya gidan rediyon WGR, da ƙin sayen tikiti. Filin yana ɗaukar mutum kusan 19,000. Garin na bakin iyakar Kanada, har taken ƙasashen biyu ake rerawa kafin kowane wasa, don haka idan Toronto ta zo, masu tikitin shekara da yawa sukan sayar wa baƙi kujerunsu su rage asara, fili ya cika da shuɗin riguna da sowar abokan hamayya.

A Maris 2025 an sayar da Dylan Cozens ga Ottawa, shekara biyu kacal bayan an ba shi kwantiragin shekara bakwai a matsayin ginshiƙin gobe. A Yuni JJ Peterka, ɗan shekara 23 da Buffalo ta ɗauko ta rena a Rochester har ya yi maki 68, ya tafi Utah, aka karɓo Josh Doan da Michael Kesselring. Za a koma kan ƙanƙara a Oktoba.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
'Yan'uwanku mazauna Buffalo