Ranar da allurar zafi ta kusa kashe min inji

Wallahi ranar Asabar na ga tashin hankali a hanyar Zariya zuwa Kano, ina wuce Kwanar Dangora kawai na ga allurar zafi ta Corolla dina tana hawa har ta kusa taba ja. Na gangara gefe na kashe mota, ban taba murfin lagireto ba don ruwan da ke ciki in ya feso ma fuska sai dai asibiti.

Da ta huce na duba, ruwa cike yake, fanka ma tana juyawa. To meye matsalar? Da na kai wa bakanike ya taba tiyon lagireto na sama zafi kamar wuta, na kasa kuma sanyi, ya ce Alhaji ai tamostat dinka ne ya makale, ruwan baya zagayawa. Tamostat din shi ne dan bawul da ke bude wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Ya cire shi ya jefa a tafasasshen ruwa, ko motsi bai yi ba, alhali na wannan motar wajen digiri 82 ya kamata ya fara budewa.

Wai sai ya ce a barshi a cire gaba daya tunda garinmu zafi ne. Na ce a'a, haka ake yi inji ya dade bai dumama ba ya dinga shan mai.

Wani lokacin kuma sansa mai auna zafin ruwan inji ce ke yin karya, inji lafiyarsa kalau allura na hauka, shi ya sa na sa aka jona kwamfuta, bata nuna P0115 ba, wato lambar da ke nuna matsalar wannan sansa. Sabon tamostat na saya a Kofar Ruwa.