Kawu da karan sigarinsa

Yau Kawu ya ƙular da ni, har yanzu ban huce ba.

Bayan la'asar muna tsakar gida, Yaya na kan tabarma yana susar ƙwauri da murfin biro, idanun nan rawaya kamar an shafa musu gangamau. Sai ga Kawu ya dawo daga Ringim, ya jingine keke, ko zama bai yi ba ya ce, "To malaman asibiti, Habu ya karanta mini a waya, wai masu shan taba ba su cika kamuwa da wannan ciwon hantar ba. Da ka bi sahuna da ba haka ba."

Yaya ya yi murmushi kawai. Mutumin da ko goro ba ya ci.

Na ce, "Haba Kawu, ku da ya kamata ku yi masa addu'a?" Ya ce shi gaskiya ya faɗa. Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Ciwon da likitan Kano ya kira PSC, wanda bututan da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji ke kumbura su yi tabo su tsuke, an lura ya fi kama marasa shan taba. Wani bincike da aka yi a Norwe a 2014 ya ga haka, ya kuma ga masu shan kofi ba su cika samunsa ba. Amma an lura ne kawai, babu likitan da ya ce hayaƙi na buɗe bututun da ya riga ya tsuke. Akwai ma ɗan'uwan ciwon, PBC, mai kama mata masu matsakaicin shekaru, shi taba ƙara haɗarinsa take yi. Na gaya wa Kawu wannan, ya ce ai shi ba mace ba ne. Inna ta yi dariya, ni ban yi ba.

Da daddare kuma wani tunanin ya taso. Namiji, ɗan shekara 30 zuwa 40, mai daɗaɗɗen gudawa da jini: haka likita ya siffanta waɗanda ciwon ya fi kamawa, sai ka ce Yaya yake kallo yana faɗa. Yawancinsu suna da gyambon babban hanji. Shekara da shekaru gidan nan ana cewa ɗankanoma ne, ana jiƙe-jiƙe. Likita ya kuma ce 'yan'uwa na jini sun fi sauran mutane haɗari, ko da yake ciwon ba shi da yawa. Na daɗe ina kallon ɗan'uwanmu Habu yana cin tuwo.

 

Mako mai zuwa za a zura wa Yaya na'urar duba hanji. Kawu ya ce shi zai biya kuɗin mota.