Asabar ɗin kayan kondem

Yau ban zauna shago ba, leƙawa kawai na yi bayan asuba na ce wa yara su ƙarasa sa botin rigunan nan guda uku su yi musu guga, ni kam yau ranar tarkace ce. Sati biyu rabona da kunna ayon ɗin dalma, har hannuna ƙaiƙayi yake.

Wajen ƙarfe takwas ina bakin ƙofa da kokona da ƙosai sai na jiyo "kondeeem, kondeeem" daga wajen babbar gotar nan tamu ta unguwar Nima a Accra. Muryar ma na santa, yaron nan ne ɗan Dagomba mai sayen tsofaffin ƙarafa da matattun kayan wuta da ke turo kurarsa ta layinmu kusan kowace Asabar, Hausarsa ta kasuwa ce amma muna fahimtar juna sarai. Da ya hango ni ya fara dariya tun daga nesa, wai masta yau na kawo maka kayanka. Na leƙa kura, ga ƙyauren firij, ga wani tsohon rim na mota, a ƙarƙashi kuma ga firinta mai fasasshen murfi da kan kwamfuta guda ɗaya baƙi da batirin laftof biyu an ɗaure su da roba.

Cinikinmu da shi kullum dariya yake ba ni. Shi idan zai faɗi kuɗi sai ya ɗaga abin ya jijjiga ya ji nauyi, don shi nauyi ya saya nauyi zai sayar, ƙarfe kilo kaza, alminiyon kaza, kofa, wato jan ƙarfe, kuwa ita ce sarauniya. Ni kuma abin da nake so a cikin kwamfutar nan gaba ɗaya bai cika tafin hannu biyu ba. Ya ce sidi 120, na ce kai ƙanena ka ji tsoron Allah, muka ja muka ja har muka tsaya a 70 bisa sharaɗin gobe ya biyo ya kwashe gwangwanin da sauran ƙarafan da ban so. Na san ya ci riba, shi ma ya san na sani, ya tura kurarsa yana ta washe baki.

Da can ba haka nake samun kaya ba. Kafin a rushe filin gwangwan na Agbogbloshie a watan Yulin 2021, ni da kaina nake shiga trotro, motar hayarmu, in je in yi ta yawo tsakanin tsibin kaya, in ka yi sa'a ka iso kafin guduma ta iso sai ka tsinci abin mamaki. Amma fa hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa a bakin kogin Odaw don a fidda kofa, wallahi in na dawo kwana biyu ƙirjina na kamar an ɗora dutse, mutanen da ke yini a ciki ban san yadda suke yi ba. Tun da aka tashe su, 'yan albasa aka kai su Adjen Kotoku, masu gwangwan kuma suka watsu kowa da lungunsa, sai na koma jiran kura a ƙofar gida. Ƙirjina ya huta, zaɓi ne dai ya ragu.

Na shimfiɗa tabarma a lungun tankin ruwa inda iska ke ratsawa, na jawo waya daga ɗaki, na fara da kwamfutar. Abu na farko da nake dubawa kullum shi ne akwatin wutarta, fawa saflai, don in yana da rai to kuɗina ya riga ya fito. Gwajinsa ba wuya, ka haɗa koriyar waya da baƙa guda ɗaya ka sa a soket, in lafiya yake fankarsa za ta juya, ruwan ɗorawa ta ba ka bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Wannan fankar ta ɗan motsa kamar za ta tashi sai ta tsaya. Na sake, haka dai. Na cire daga soket na kwance kusoshi huɗun nan na ɗaga murfi, ƙura kamar an zuba garin masara, ga kafasita, abin nan mai riƙe caji, guda biyu ƙanana a gefen da wayoyi ke fita kawunansu sun kumbura, ɗaya har ta yi dattin ruwan ƙasa a saman. To ga cutar nan a fili.

Daɗin ganin cutar ne ya ɗebe ni. Na kai hannu zan juya bod ɗin, allon nan da kayan ke manne a kai, in ga bayansa, ɗan yatsana ya sauka daidai ƙafafun babbar kafasitar nan ta gefen shigowar wuta. Inna lillahi. Ban san lokacin da sukudireban da ke ɗayan hannuna ya tashi sama ba, sai ƙararsa na ji cikin bahon wankin maƙwabciyarmu, yaran gida da suka kewaye ni suka watse sannan suka dawo suna dariya har da mai faɗuwa ƙasa. Abin haushin ni ne kullum nake yi wa yaran nan huɗuba cewa cire filogi ba shi ne mutuwar wuta ba. Wutarmu bolt 230 ce, in ta bi ta dayod ta shiga kafasitar nan tana haura 300, kuma tana iya zama a ciki bayan an cire. Ina da ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, da na ajiye musamman don sauke wannan cajin, da wuya ma na same shi don tun wajen 2007 da aka raba masu rage cin wuta irinsa ya yi ta ɓacewa a kasuwa. Yana nan kusa da gwiwata a kan tabarma, ban taɓa shi ba. Yanzu ga ɗan farin tabo a kan yatsan da nake tura allura da shi, Litinin zan ji a jikina.

Na sha ruwa na huce, na sauke cajin yadda ya kamata, na ajiye akwatin gefe. Wannan ba na yanka ba ne, na gyara ne, kafasita biyu zan canza masa ya zama abin gwajin kaya a kan tebur.

Firintar ce ta sha wuƙa. Ni fa ina son firinta, ba don bod ɗinta ba, don ƙarfen nan dogo mai santsi da kan tawada ke zirga-zirga a kai, ka murza shi a kan gilas ba ya ko karkacewa. Na samu wannan, na samu mota biyu ƙanana, da bel mai haƙora, da giya-giyan roba cike da hannu, da sifirin kala-kala. Me zan yi da su? Kada ma a tambaye ni. Tawada kuma ta yi mini lalle har wuyan hannu. Daga nan na buɗe had disk ɗin kwamfutar, ma'ajiyar bayananta, kusoshinsa masu kan tauraro ne sai da na nemo bakin da ya dace, na ciro maganaɗisun nan biyu masu lanƙwasa. Su kam amfaninsu a tafe yake, wani irinsu na manne a gefen keken ɗinkina tun bara, fil da allura duk wanda ya faɗi ƙasa sai in zagaya da shi ya tsinto, yaran shago har faɗa suke a kansa. In biyun suka haɗe da fatar yatsanka a tsakani kuwa sai ka kira sunan kakarka.

Wurin cire ƙananan kaya daga bod nan ne nake mantawa da duniya. Ka kifa bod, ka ɗora bakin ayon kan ƙafar abu, ka jira dalma ta yi ƙyalli, ka ja da filaya a hankali daga ɗaya gefen, sai ka ji ya saki kamar haƙorin yaro. Kayan da aka yi kafin 2006 sun fi daɗin cirewa, dalmarsu mai gubar nan tana narkewa tun a digiri 183. Na bayan nan da Turai ta hana gubar, sai wajen 217 suke sakin jiki, ayon ɗina kuma ɗan talaka ne, sai ya yi ta lasar wurin ba labari. Dabarar da wani tsohon mai gyaran rediyo ya koya min ita ce ka ƙara sabuwar dalma mai laushi a kan tsohuwar, su gauraya, sai ta narke da wuri. Ka ƙara don ka cire, da farko na ɗauka zolayata yake. Hayaƙin dai ba na yarda ya bi ta hancina, shi ya sa nake zama inda iska take, kuma ba na cin komai sai na wanke hannu da sabulu, yara ma na kore su da suka fara wasa da guntayen dalma.

Wani abokina direba ya taɓa ce min wai me ya sa ba zan je Zongo Lane, layin masu sayar da kayan lantarki, in sayi sababbi ba, rizisto nawa yake. Gaskiyarsa ne, ina zuwa ma in abu ya gagara. Amma sau nawa na sayo sabuwar kafasita mai kyan rubutu wata uku ta kumbura, alhali wadda na ciro daga tsohuwar rediyon Japan da ta girmi ɗana na fari tana nan daram. Kuma ban da wannan ma, saye daban tsintuwa daban, shi dai ba zai gane ba.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta. Ayon ya huce a hannuna ina tsakiyar cire wani rile. Na yi salla, uwargida ta miƙo wake da shinkafa da shito, na ci, na koma kan batiran tunda su ba ruwansu da soket.

Fasa batirin laftof sai da lallashi, ka bi ta gefen ɗinkin robar da abu marar kaifi, in ka huda ƙwaya ɗaya wuta ce za ta tashi ba ta wasa ba. Kowanne na samu ƙwaya shida a ciki, 18650 ɗin nan, sunan ma awonsu ne, kauri milimita 18 tsawo 65. Yawanci ba duka ke mutuwa ba, ɗaya ko biyu ne ke lalacewa su ja wa sauran a jefar da su gaba ɗaya. Na sa mita ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lamba a jikinsu da maka. Bakwai sun haura bolt 3, uku suna wajen 2, biyu kuwa sifili, ko gezau. Dokata ita ce duk wanda ya gaza 2.5 ba ya kwana ɗakina. Bakwai ɗin ma ba yanzu zan yarda da su ba, sai na cika kowanne zuwa 4.2 a kan siminti ina kallonsa ina taɓawa ko yana zafi, in ajiye sati guda in sake aunawa, wanda ya riƙe cajinsa shi ne ɗan halak. So nake in haɗa fitilar da za ta riƙe shago in an ɗauke wuta, don ɗinkin salla in ya taso ba ya jiran kowa.

Da la'asar na fara kwashe kaya ina rarrabawa cikin gwangwanayen Milo da na madara, nan ne fa uwargida ta tsaya a kaina hannu a ƙugu. Ta ce Malam, ɗaki da falo ne fa muke da shi, ƙarƙashin gado naka, saman wadrob naka, bayan ƙofa naka, yanzu kuma firinta. Na ce ai an yanka ta, ba za ta shiga ɗaki ba. Ta ce naman nata fa, ina za shi. Ban da amsa, na yi kamar ina neman wani abu a cikin tabarma. In don gaskiya ne tana da hujja, abin da na tara ko shekara ashirin zan ƙara ba zan yi amfani da rabinsa ba.

Wuta ta dawo dab da magariba. Bayan isha sai ga jikar Mma Hajiya ta ɗakin ƙarshe ta rungumo fanka, wai Mma ta ce a duba mata, kwana uku tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da tsinke, zafin nan kuma ya hana tsohuwa barci. Ina jin an ce sai an tura na san kafasita ce. Na buɗe bayan, ga ta nan 'yar baƙa mai kusurwa huɗu da waya biyu, 1.5 a rubuce a jiki. Na ce wannan ai ina da irinta, na tuna sarai na ciro ɗaya daga wata fanka mai ƙonannen koyil tun shekara biyu da suka wuce.

Na shiga nema. Gwangwanin rizisto, na fiyus, na sukurori, na abin da ni kaina ban san sunansa ba, na zazzage guda tara a tsakar ɗaki, babu. Na janyo na ƙarƙashin gado ina zufa ina haska tocila, yarinya na tsaye tana hamma. Uwargida na zaune bakin gado tana kallona ba ta ce uffan ba, sai da na kusa rabin awa sannan ta tashi ta fita, ta dawo da wani buhun shinkafa ɗaure da igiya ta dire a gabana. Na kwance, gwangwanaye shida nawa ne a ciki, ɗaya an rubuta fanka da hannuna. Na ce wannan fa daga ina? Ta ce bayan kicin, tun watan jiya ta haɗa su tana jiran ranar da kondem zai wuce ba na gida, kuma wata guda cur ban ko lura babu su ba.

Na ɗaura kafasitar na naɗe da tef, na kunna, fanka ta tashi da kanta har tana kaɗa labule. Na kai wa Mma da kaina, ta yi ta sa albarka, ta kwance bakin zani wai ga dubu hamsin in sha ruwa, ita har yau da tsohon kuɗi take lissafi, sidi 5 kenan. Na ce haba Mma, ki bar shi, addu'ar ta isa. Ta ce to gobe jikarta za ta kawo fura.

Na dawo na tarar an mayar da gwangwanaye biyar cikin buhu an ɗaure, na fanka kaɗai aka bar min a kan tebur. Na ce a bar ni in duba sauran tukun, ta ce ina da nan da Asabar. Yatsan nan sai zugi yake, bari in shafa masa man kaɗanya in kwanta.